Masu Dafa Taki a Bakin Shari

Na ji abin da mai jar hular can ya faɗa lokacin da kuke shigowa. Ya ce ai tara kashin shanu ne kawai a watsa masa ruwa. Kunnena bai mutu ba tukuna, idona ne ya fara tafiya. Ku zauna a tabarmar nan. Tunda kun taso daga cikin gari har Atron kuna neman wanda zai nuna muku yadda za ku raya lambun da aka ba ku, sai ku fara jin abin da sana'ar ta ƙunsa. Wanda ya ga zai iya, ga shebur can a jingine.

Sunana Ilu. A garin nan in ba ka ce Ilu Mai Taki ba, babu mai nuna maka ƙofar gidana. Nan aka haife ni, tun ana ce wa garin For Lami. Kakana falke ne, ubana kuma rumfar yadi gare shi a Babbar Kasuwa, 'yan'uwana duk ciniki suka gada. Ni kaina bai ɗauki kasuwa ba. Sau biyu ana zaunar da ni a rumfa ina yanka wa mutane yadi ya wuce awo. Da uban nawa ya gaji, sai ya kama hannuna ya kai ni Milezi, bakin kogin Shari, wajen wani tsoho da ake kira Baba Sale. Ya ce masa, "Ga shi nan. Ko kwasar kashi ce koya masa." Da zagi ya faɗe ta. Baba Sale ya ce, "To, madalla."

Baba Sale mutumin ƙasar Kano ne. Da ƙafa ya taso zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya nema, bai ƙara gaba ba. A ƙauyensu, in ji shi, da jakuna ake shiga birni a kwaso shara da kashin dabbobi a kai gona. Da ya zo nan sai ya tarar ana zubar da kashin shanu a kogi, ko a ƙone shi don korar sauro. Shi ya haƙa rami na farko a Milezi. Bai taɓa cewa tara taki muke yi ba. Cewa yake dafawa muke yi, kuma kamar tuwo, akwai ɗanye, akwai dafaffe, akwai wanda ya ƙone.

Shekarata ta farko ban sa ƙafa a rami ba. Kwando ya ba ni da jakuna biyu masu mangala. Da an sallame asuba sai zangon shanu, in kwaso abin da suka zubar kafin rana ta shanye shi. Daga nan sai mahauta, in jira a farka tumbi a zubo abin da ke ciki, don shi ne ya fi komai saurin kama wuta. Sannan in bi gida-gida ina share wa mata garken awaki, shara tawa, tsabta tasu. In na dawo sai ya sa in juye a gabansa in rarrabe da hannu. Kashin shanu mai sanyi ne, shi ne jikin taki. Na awaki da tumaki ya fi shi ƙarfi, amma sai an farfasa shi, in ba haka ba bayan wata uku za ka tono shi yadda ka zuba. Na kaji wuta ne, ana barbaɗa shi kamar gishiri a miya. Na doki da na jaki cike yake da irin ciyawa, in bai dahu sosai ba ka kai wa mai lambu abin da zai shekara yana cira yana zagin uwarka. Na raƙumi kuwa sai ya kwana a ruwa kafin ya yarda da kai.

Ramukanmu bakwai ne, a jere, nesa kaɗan da gaɓa inda ambaliya ba ta kaiwa. Kowanne tsawon mutum biyu, zurfi zuwa ƙugu. A ƙasa ake shimfiɗa karan dawa da aka sassara, don iska ta sami hanya. Sai kashin shanu, sai toka, sai busasshen ganye da ƙaiƙayi, sai na tumbi, sai na awaki, a yayyafa ruwa, a sake daga farko har rami ya cika ya yi tozo. Ruwan nan shi ne ake shekaru ana koyo. Ka damƙi cikin hannu ka matse. In ya ɗiga ka kashe shi, zai yi wari ya yi tsutsa bai dahu ba. In ka buɗe hannu ya warwatse, ƙishirwa yake ji, gara ce za ta ci rabonka. Ana so ya dunƙule, tafin hannunka ya yi danshi, shi ke nan. A rufe da tsohuwar zana, a soka ƙarfen rodi a tsakiya. Bayan kwana uku Baba Sale zai ce, "Ilu, zaro." In na iya riƙe ƙarfen na ƙirga goma, bai kama ba, sai a kwashe a sake. In na yar da shi ina yarfe hannu, sai tsohon ya yi murmushi ya koma kan buzunsa.

Duk sati biyu ake juyi. Abin da ke rami na shida ya koma na bakwai, na biyar ya koma na shida, haka har na ɗaya ya zama fanko a cika shi da sabo. Ranar juyi ake gane wanda ya zo sana'a da wanda ya zo kallo. Kana cikin rami tafin ƙafarka yana soyuwa, tururi yana shiga ido kamar ana dakan barkono. Na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa. Lokacin sanyi kunama da maciji suna son ɗumin bakin rami. Ku dubi yatsan nan da ba ya lanƙwasa, rami na huɗu ne ya ba ni shi. Sai abin da aka zuba ya zaga ramuka bakwai, wata uku da 'yan kwanaki, sannan ya zama taki: baƙi wuluk, mai sanyi, gwazarma da tana suna yawo a ciki, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ba ka iya nuna wannan na saniya ne, wannan na akuya.

Ɓarnar da na fara yi ita ta haɗa ni da Naji. Naji mutumin kudu ne, Basare a ƙabila, Kirista, da yana yi wa wani Bature aikin lambu. Da Baturen ya tafi sai ya nemi fili a Milezi, aka nuna masa wani fako kusa da ramukanmu, ƙasa fara fat, mai tauri, ko akuya ba ta tsayawa a kai. Ya zo sayen taki ranar da Baba Sale ya tafi jana'iza. Rami na bakwai saura na ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya, ni kuwa bayana yana ciwo. Na ɗebar masa daga na huɗu. Ai duk baƙi ne, na ce a raina.

Bayan kwana biyar ya dawo da dashen tumatir a tafin hannunsa, duk sun yi ja sun kwanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye su a gaban Baba Sale, ya ce da Larabcin garin nan, don da shi muke magana da shi, "Abba Sale, irin nan daga kudu uwata ta aiko min. Babu saura."

Baba Sale ya ɗauki ɗaya ya shinshina saiwar. Ya dube ni.

"Wane rami?"

"Na huɗu, Baba."

Na ɗauka sanda zai ɗauka. Sai ya ce wa Naji, "Jaki gare ka?" Naji ya ce a'a. Ya nuna ni ya ce, "To ga shi. Daga gobe har damina ta faɗi, in ya gama nawa aikin naka ne."

Da diga muka fara fasa fakon nan, ƙarfe yana tartsatsi. Mu fasa, mu zuba taki, mu rufe da kara, mu jawo ruwa daga kogi da jigo. Shekarar farko yakuwa ce kaɗai ta yarda ta fito, ita ma a tsugune. Damina ta faɗi, hukuncina ya ƙare, amma ban daina zuwa ba, ina so in ga ƙarshen abin. Shekara ta uku kuɓewa ta tsaya. Ta biyar ka soka hannu a fangali ya nutse har wuyan hannu. Da muka shekara goma sha ɗaya, sai gwiwar hannu. Karas yana fitowa a miƙe kamar alƙalami, masu girkin manyan gidaje suna zuwa da kekuna tun da sassafe suna jiran salat. Masu wucewa suna cewa Naji ya yi sa'ar fili. Shi kuwa duk ƙarshen rani sai ya aiko matarsa da kwandon albasa gidan Baba Sale, da wani gidana.

Sauran masu saye kala-kala ne. Akwai matan Turawa masu furanni, su tsaya can nesa da hankici a hanci suna nuna buhu da yatsa. Akwai Alhaji Tanko, Bahaushe ɗan'uwanmu, wanda ya fi kowa girman lambu a wannan gaɓar. Shi amalanke-amalanke yake saye, kuma bai taɓa miƙo min hannu ba, sai dai ya dunƙule nasa ya ɗaga daga nesa. A ɗaurin aure gefen tabarma ake nuna min, can wajen takalma, ko da na yi wanka da sabulu sau uku na sa turare. 'Yan'uwana na ciki ɗaya in na je rumfa sai su ce in zagayo ta baya. Tumatir ɗin da ke miyarsu kuwa daga ramina ya fito. Wannan duk sana'a ce ta gaji haka, na riga na saba kafin yaƙi ya zo.

Da faɗan farko ya ɓarke a cikin gari, mutanen kudu suka fara ɗaure kaya. An raba garin kamar an ja layi, kowa yana duban maƙwabcinsa da wani ido. Wata safiya Naji ya same ni ina juyi. Yana riƙe da gwangwanayen ban-ruwansa guda biyu, waɗanda ba ya ara wa kowa. Ya ajiye su a bakin rami.

"Ilu, mun sami mota. Yau za mu tafi."

"Ka zo gidana ka zauna har ƙura ta lafa."

"Ni da yara shida? A kashe ka saboda ni?" Ya juya ya dubi lambun. "Wata biyu, uku, zan dawo. Abin da ya nuna ka ci. Ƙasar kawai nake so in tarar."

Na ce, "Za ka tarar da ita, in Allah ya yarda." Baba Sale yana zaune yana ji. A wurinmu maganar da aka yi a gaban dattijo ta fi takarda.

Wata uku ya wuce, shekara ta zagayo. An yi sulhu, an sake yi, sai kuma faɗa na biyu ya zo, wanda ya yi wata da watanni ba a san dare da rana ba. Zangon shanu ya watse. Mahauta ta tsaya. Awakin gidaje aka cinye su. Jakunana biyu, 'yan bindiga suka tare ni a hanya suka juye mangalolin a ƙasa suka kora su, aka ce harsashi za su ɗauka. Gari ya kwashe ya haye kogi zuwa Kusiri, ƙasar Kamaru, kwale-kwale yana nutsewa saboda kaya. Na sa matata da yara a ɗaya, na dawo. Baba Sale ya ce shi ya gama gudu tun da ya baro Kano. Muka zauna mu biyu. Rami na ɗaya da na biyu suka zama fanko, babu abin cika su. Sauran biyar kuwa ban fasa juyi ba ko sati ɗaya, don na san shi ne takin ƙarshe a garin nan, duk wanda ya dawo shi zai nema. Da safe in yi ban-ruwa a lambun Naji, in igwa ta fara sai in kwanta a cikin rami fanko har ta yi shiru.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar bazara ce, bayan azahar. Wata a-kori-kura ta gangaro gaɓa, bayanta a rufe da tamfol, ƙuda yana binta. Tun kafin ta tsaya na san abin da ta ɗauko. Shugabansu, wanda suke kira Shef, ya sauko, saurayi ne bai kai ni shekaru ba, fuska a naɗe da rawani sai ido.

"Kai ne mai shebur?"

"Ni ne, Shef."

"Wuri biyu muka gwada, ƙasar kamar dutse." Ya taka fangalin albasar Naji, takalminsa ya nutse har idon sawu. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi mutanensa. "Nan za ka haƙa."

"Shef, wannan ƙasar ba tawa ba ce. Amana ce."

"Ta wa?"

Sunan mutumin kudu irin Naji ba abin faɗa ba ne a ranar. Na ce, "Ta wani ɗan'uwana ce, ya yi tafiya."

"In ya dawo ya zo ya same ni. Haƙa."

Na ce, "Shef, ga ramuka can an riga an haƙa, biyu babu komai a ciki. Kafin in buɗe maka ɗaya a nan, na gyara maka uku a can."

Ya je ya leƙa, ya ce to, amma in yi sauri. Baba Sale ya matso kusa da ni, ya ce da Hausa, a hankali, "Ilu, ka san daga yau babu mai ƙara sayen takinka?"

"Baba, sai in bari su tone masa lambu?"

Ya je ya ɗauko manjagara.

Na kwashe rami na uku tas, na kai can gefe, na kankare har sai da na ga laka. Na ƙara wa ukun zurfi zuwa ƙirji. Sannan aka yaye tamfol. Ban ƙirga su ba. Wasu da kakin soja, wasu da jallabiya, akwai ɗaya da tef ɗin awon tela har yanzu a wuyansa. Baba Sale ya tambayi sunayensu. Shef ɗin ya ce, "Wasu namu, wasu nasu, wasu hanya ce ta biyo da su." Tsohon ya ce to a jera su fuska gabas. Ya tsaya ya yi musu salla duka, ni ina bayansa, ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya jingine tasa ya shigo sahu. Da laka na rufe su, zallarta, ko tafi ɗaya na taki bai shiga ba. Na sare ƙaya na ɗora saboda karnuka. Kafin magariba sun tafi da shebur ɗina mai kyau. Kwana huɗu da suka biyo, da kwando a ka na kwashe duk takin da ya rage na kai shi ƙarshen lambun Naji, nesa da wurin, na rufe da zana.

Masu kwale-kwale sun ga komai daga kan ruwa. Ban kawo su a raina ba.

Bayan sati biyu zawo ya kama Baba Sale. Na goya shi zuwa gaɓa, muka haye. Ya kwana uku a rumfar masu gudun hijira a Kusiri, ya cika. Can aka binne shi, a ƙasar da bai taɓa zuba wa taki ba. A wurin zaman makokin na fara lura mutane suna matsawa in na zauna, fiye da yadda na saba. Matata ce ta gaya min. Ta ce a layin ruwa ana cewa Ilu yana dafa taki da gawa, shi ya sa nasa ya fi na kowa baƙi. Wasu har sun ce tun kafin yaƙi muke yi, ni da tsohon.

Da wuta ta lafa, masu lambu suka fara dawowa, ƙasarsu ta shekara biyu ba ta ci komai ba. Ga ni da taki dafaffe, tuli guda, irin wanda ban taɓa yin mai kyansa ba, don ya daɗe yana kwance. Na ari amalanke na cika, na tura da kaina har lambun Alhaji Tanko. Ya hango ni ya taso da sauri, ya tare ni tun a bakin shinge.

"Tsaya nan, Ilu. Kada ka shigo min da shi."

"Alhaji, shekara nawa kana saye a hannuna? Ko sau ɗaya na cuce ka?"

"Ban ce ka cuce ni ba."

"A kawo Alƙur'ani in dafa. Takin nan bai taɓa gawa ba."

"Ni na yarda da kai," in ji shi, yana duban bayana ko wani na kallo. "Amma matan kasuwa in na kai kaya sai sun tambaya takin wa na sa. Kana so in rantse wa kowace mai tire?"

Na ce to ya karɓa kyauta, ya gwada a fangali ɗaya. Ya ce ko kyauta. A shekarar ɗanyen kashi ya saya a hannun wasu da suka shigo sana'ar jiya, ya ƙone masa rabin dashe. Daga baya aka fara raba takin zamani na buhu, wanda ake kira angire, kowa ya koma can. Ba na zagin angire, yana tayar da ganye. Amma ku je ku soka hannu a lambunan da suka shekara ashirin suna cin sa shi kaɗai, ku ga ko farce zai shiga.

Takin nan duka a lambun Naji na zuba shi. Salat ya yi kamar faifai. Matata ta kai Babbar Kasuwa ta wuni ba wanda ya taya. Sai da muka riƙa ba wata mata daga wata unguwa tana sayarwa da sunan na mijinta ne, mu karɓi abin da ta ga dama. Waɗanda suka ƙi shi a tiren matata su suka saye shi a nata, suna yabawa.

Haka muka lallaɓa har shekara ta zagayo. Sai ga wani babban soja na sabuwar gwamnati da takarda mai hatimi, ya ce duk gaɓar nan daga itacen giginya zuwa mashaya an ba shi. Na ce filin yana da mai shi. Ya ce, "Ina yake?" Na ce yana kudu. Ya yi dariya ya ce to ya zauna can. Lokacin gari duk rusasshe ne, kowa bulo yake nema, shi kuma wurin gasa bulo zai buɗe. Masu bulon suka zo suka dunƙula ƙasar Naji, ta warwatse a hannunsu. Suka ce wannan ba ta yin bulo, ta yi laushi da yawa, sai an kankare ta a kai ga lakar da ke ƙasa. Babbansu ya ga ina tsaye da tsohon shebur, ya ce suna neman leburori.

Yarana huɗu ne a lokacin, kuma babu mai sayen abin da na iya. Na karɓa. Kwana goma sha shida muna kankarewa muna turawa a baro muna juyewa a kogi. Ruwan gaɓar ya yi baƙi, tanar ƙasa tana yawo a sama, kifi yana cafkewa. Na fi kowa sauri, don na san inda take da zurfi. Abu ɗaya na roƙa, na nuna musu ramuka ukun nan na gaya musu abin da ke ciki. Nan kam ba su yi musu ba, tsoro ya sa suka zagaye wurin suka bar shi tsibiri guda. A duk abin da muka yi a Milezi, kaburburan ne kaɗai aka ƙyale.

Daga nan na dawo wannan gefen, lokacin Atron daji ne, fili ba ya da tsada. Na haƙa ramuka uku a bayan gida, na ci gaba, ina sayar wa baƙi waɗanda ba su san labarin ba.

Naji ya dawo bayan shekara tara da tafiyarsa. Ya yi ta tambaya har aka kawo shi nan, ya zauna inda mai jar hular nan yake zaune. Ya rame, gashi ya yi fari, matarsa ta rasu a can, da biyu cikin yaran. Na ba shi labari tun daga a-kori-kura har baro, ban rage komai ba, har da cewa da hannuna na juye. Ya daɗe yana juya kofin shayi. Sannan ya ce, "Kai ni in gani."

Na ce, "Babu abin gani, Naji."

"Kai ni."

Muka shiga mota har Milezi, muka ƙarasa da ƙafa. Masu bulo sun cinye lakar sun matsa gaba. Abin da ya rage fili ne fari, a tsattsage, da ɓaraguzan jan bulo, an kewaye da waya. Wani mai gadi yana zaune a inuwar bukka, saurayi, daga ganinsa ba a garin nan ya tashi ba. Naji ya kama wayar da hannu biyu yana kallo. Mai gadin ya taso ya ce lafiya, me muke nema.

Naji ya ce, "Babu komai, ɗana. Da nan lambuna ne. Karas nake yi, da salat."

Mai gadin ya waiwaya ya dubi filin, ya dube mu, ya yi dariya.

"A nan? Baba, ka dai manta wurin. Nan ko ƙaya ba ta taɓa fitowa ba."

Naji ya juyo ya dube ni, ni ne shaidarsa, ni kaɗai na rage. Na buɗe baki, na dubi ƙasar, na rasa abin da zan nuna wa yaron. Naji ya saki wayar, ya goge hannunsa a riga, ya ce wa mai gadin, "Wataƙila na manta." Washegari da safe na raka shi tasha ya hau motar kudu.